Ƙofofin Baya: Raunin Shiga Asusu Ba da Kalmar Sirri Ba, da Yadda Ake Toshe Su

Manhajoji da yawa sun daina tambayar kalmar sirri. Ka buɗe manhajar banki, ka ɗora yatsa, ta buɗe. Ka sauya waya, WhatsApp ya turo lamba shida ta saƙon tes, ka shigar, ka ci gaba da hirarka. Tun watan Mayun 2022 kuma Google da Apple da Microsoft suka haɗa kai wajen yaɗa wani tsari da ake rubuta shi passkey a allon waya, wanda a nan za mu riƙa kira mabuɗin shiga. Ci gaba ne na gaske, don kalmar sirri ta daɗe tana jawo wa mutane asara. Sai dai cire ta bai sa ɓarawo ya tuba ba. Barin ƙofar gaba ya yi ya zagaya baya, wajen layin waya, da lambar buɗe allo, da hanyar dawo da asusu in waya ta ɓata, da burauzar da aka shiga aka bari a buɗe. Ɗan gwarin Mile 12 da ke karɓar kuɗin kwandunan tumatir ta taransifa, da ɗan canjin Broad Street, da mai POS a Agege, da direban tirela mai kwana a layin Apapa, duk jarinsu a bayan waɗannan ƙofofi yake.

Tabbatarwa mai matakai da yawa ta ginu ne a kan shaida iri uku: abin da ka sani, kamar lambar sirri, abin da ke hannunka, kamar waya ko layi, da abin da ke jikinka, kamar zanen yatsa ko fuska. Manufar ita ce sai ɓarawo ya haɗa biyu kafin ya shiga. Matsalar mafi yawanmu, shaidun duka sun taru a aljihu guda. Layin yana cikin wayar, imel a buɗe yake a wayar, manhajar banki tana wayar, lambar da ke buɗe ta kuma shekarar haihuwa ce, ko kuwa ita ce dai ta katin ATM. A suna matakai biyu ne, amma wanda ya fizge wayar ya ɗauki kara da kiyashi. Aikin da ke gabanka shi ne raba shaidun nan, yadda rasa ɗaya ba zai zama rasa duka ba.

Fara sanin irin ƙofar da kake da ita

Hanyoyin da ake kira na rashin kalmar sirri ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Lambar OTP ta saƙon tes, wadda ake amfani da ita sau ɗaya, ita ce mafi rauni, don ƙarfinta bai wuce na layinka ba, kuma duk lambar da ido zai karanta, baki zai iya faɗa wa wani. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka tun 2017 ta sa ta a sahun hanyoyin da ake amfani da su da taka-tsantsan. A shekarar ce kuma masu kutse suka bi ta raunin SS7, tsohon tsarin da kamfanonin waya ke hulɗa da juna, suka tare saƙonnin banki a Jamus suka kwashi kuɗin mutane. Mahaɗin shiga da ake turowa ta imel shi ma ƙarfinsa na imel ɗin ne. Lambar manhajar Authenticator, mai sauyawa duk daƙiƙa 30, ta fi waɗannan don ba ta bi ta layi, amma ita ma ana iya yaudarar mutum ya rubuta ta inda bai kamata ba.

Mabuɗin shiga daban yake. Ranar da ka yi rajistarsa, waya tana ƙera mabuɗai biyu masu alaƙa ta lissafi. Na fili ya tafi wurin kamfanin, na ɓoye ya zauna wurinka. In za ka shiga, kamfanin ya turo wasu lambobi, wayar ta nemi yatsanka ko lambar allo, sannan ta sa musu hannu da na ɓoyen. Babu abin da za ka karanta wa wani. Mafi muhimmanci, mabuɗin a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin. In adireshin ya bambanta ko da harafi ɗaya ne, wayar ba za ta fito da shi ba. Yana aiki daga Android 9 da iOS 16 zuwa sama. Duk inda aka ba ka zaɓinsa, karɓi. Abin da ya rage shi ne wuraren da ƙarfinsa bai kai ba.

Layin waya, inda ɓarakar ta fi yawa

Kulle allo ba ya kare sim. Wanda ya zare maka waya a cunkoson Oshodi ba ya buƙatar buɗe ta. Cire sim ɗin zai yi ya sa a ƙaramar waya mai madannai, saƙonninka su fara shigo masa. Da layin zai iya danna *565*0# ya ga lambar BVN ɗinka, ya bi lambobin USSD na bankuna ya gano inda kake ajiya. Bankuna da dama suna neman wasu lambobin katin ATM kafin a sauya lambar sirrin USSD, shi ya sa cusa katin ATM da takardar NIN a bayan rigar waya yake da haɗari sosai. Raba su tun yau.

Maganin farko lambar sirrin sim ce, kuma minti biyar ya ishe ka. Kafin ka taɓa komai nemo PUK, lamba takwas da ke jikin katin robar da aka ɓallo sim ɗin. In katin ya ɓata kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta duk kamfanonin waya a Najeriya, ko ka je ofishinsu. Sannan ka shiga saitin waya ka rubuta SIM lock a gurbin bincike, don wurinsa ya bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung. Za a nemi lambar asali ta kamfanin. Kada ka yi canke: kuskure uku sim ya kulle sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma sim ya mutu ke nan. Tambayi kamfanin lambar asalin, ka kunna kullen, ka sauya ta da taka mai lamba huɗu zuwa takwas, wadda ba ta yi kama da ta allo ko ta banki ba. Kashe wayar ka sake kunnawa, ka ga da idonka tana tambaya.

Sai walkam-bak na ha'inci, wato wani ya je da bayananka ya ce layinsa ya ɓata, a ba shi sabon sim mai lambarka. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke maka ƙaf alhali na kusa da kai, masu kamfani ɗaya da kai, suna kira. Kada ka ce bari gari ya waye. Ari waya ka kira banki tukuna, sannan kamfanin layin.

Akwai wani abu a nan da ya fi shafar mutanenmu mazauna Legas. Tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da NIN, ikon layi yana hannun wanda NIN ɗinsa ke kai. Da yawa sun sayi layi mai rajista a bakin titi ranar da suka sauka, ko an yi musu da sunan wani ɗan'uwa da yanzu ya koma Sakkwato. Ranar da irin wannan layi ya ɓata ba ka da hanyar dawo da shi, mai sunan kuwa zai iya karɓarsa duk lokacin da ya ga dama. Danna *996# ka duba matsayin layinka. In ba sunanka ba ne, yi sabo da NIN ɗinka, ka je banki da ƙafarka ka sauya lambar da ke kan BVN da kan asusu, sannan ka sauya ta a imel da WhatsApp. Masu komawa gida noma da damina kuma su kula: layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana janye shi ya sake sayar da lambar, sabon mai ita ya riƙa samun saƙonnin bankinka. Sa masa kati, ka yi kira da shi lokaci-lokaci.

Karkatar da kira ita ce dabarar da mutane ba su cika sani ba. Wani ya kira da ladabi: "Ranka ya daɗe Alhaji, daga kamfanin layi ne, akwai gyaran da za mu yi, danna waɗannan lambobi." Abin da zai karanto maka yana farawa da **21* sannan lambar wata waya. Da ka danna, kiranka ya koma wurinsa, shi kuma ya nemi WhatsApp ya karanto lambar tabbatarwa ta kiran murya. Danna *#21# ka ga ko ana karkatar da kiranka; ##002# yana soke duka. Ɗayar ƙaryar da ta yi yawa ita ce ta taron ƙungiya: "Malam, an turo maka lambar shiga taronmu na intanet, karanto min in sa sunanka." Lambar WhatsApp ɗinka ce. Kunna tabbatarwa mai matakai biyu a cikin WhatsApp, ka sa lamba shida da imel, don ko an samu ta saƙon tes a ci karo da wannan.

Lambar buɗe allo ita ce uwar mabuɗai

Ana ɗauka yatsa ne ke tsaron mabuɗin shiga. A gaskiya lambar allo ce. In yatsa ya ƙi karantuwa, kamar na mahaucin Oko-Oba da hannunsa ke jiƙe ko na ɗan dako da tafinsa ya yi kanta, waya tana komawa ga lambar. Don haka wanda ya san lambar kuma wayar na hannunsa, a wurin wayar kai ne. Zai iya ƙara nasa yatsan, ya buɗe mabuɗanka, ya sauya bayanan asusunka. Na bayanka a danfo kuwa kallo ɗaya ya ishe shi ya haddace zane mai siffar L ko Z. Bar zane ka koma lamba shida ko fiye, in da hali ka haɗa da haruffa, kuma a cikin jama'a yi amfani da yatsa don kada a ga abin da kake dannawa.

Shiga saitin sanarwa ka ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa in allo na kulle, in ba haka ba lambar OTP za ta bayyana ba tare da an buɗe wayar ba. Duba yatsu nawa ne ke da rajista. Mai shagon da ya taɓa sa wa yaronsa yatsa don ya riƙa duba alat, ya sani ya ba shi damar buɗe duk abin da yatsa ke buɗewa; waya ta biyu mai ganin alat kawai ta fi sauƙin asara. In za ka ba da caji a shago, kashe wayar gaba ɗaya, don bayan kunnawa sai an sa lambar allo da ta sim. In gyara za ka kai Computer Village a Ikeja, cire sim da katin memori, kada ka faɗi lambarka. In ana son gwaji, buɗe da hannunka kana tsaye. Buɗewa da fuska a ƙananan wayoyin Android da yawa kyamarar gaba ce kawai ke yi, kuma akwai waɗanda hoto ke yaudara, don haka yatsa ya fi.

Masu iPhone su kunna Stolen Device Protection, wanda ya zo da iOS 17.3 a Janairun 2024. In wayar ba ta wurin da ta saba, yana hana a yi amfani da lambar allo a madadin fuska wajen buɗe mabuɗai, yana kuma sa jiran awa ɗaya kafin a sauya manyan bayanan asusu. Masu Android 10 zuwa sama su nemi Theft protection a saitin Google su kunna abubuwan da ke ciki, musamman kullewa daga nesa.

Shafin bogi mai tsayawa a tsakiya

Shafin bogi na da can kwafar kalmar sirri kawai yake yi. Na yanzu dillali ne. Ka danna mahaɗi, shafinsa ya buɗe da kamannin na gaske sak, domin abin da na gasken ya turo ne yake nuna maka. Ka rubuta lambar waya, ya miƙa wa na gaske. Na gaske ya turo maka OTP na gaskiya, ka rubuta, ya miƙa. Daga nan na gaske ya ba da tikitin zama, ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don kada a riƙa tambayarka shaida a kowane shafi, sai dillalin ya riƙe kwafinsa. Kai ka ga ka shiga lafiya, shi ma ya shiga. A Yulin 2022 Microsoft ya bayyana wani hari irin wannan da aka kai wa ma'aikatu sama da 10,000. Lambar tes, lambar Authenticator da danna amincewa duk ba sa tsira daga wannan.

Mabuɗi mai ɗaure da adireshi ne ke tsira. A shekarar 2022 an tura wa ma'aikatan kamfanin tsaron intanet na Cloudflare saƙon tes na yaudara, uku daga ciki suka shigar da bayanansu a shafin bogi, amma maharan suka kasa shiga saboda kamfanin yana amfani da mabuɗan ƙarfe na FIDO2, wato ƙananan na'urorin tsaro da ake jona wa kwamfuta ko waya, su kuwa ba sa amsa wa adireshin da ba nasu ba.

Da 'yan damfara suka ga haka sai suka koma sauko da mutum ƙasa. Shafin bogin zai ce mabuɗin shigarka bai yi aiki ba, gwada wata hanya, ya miƙo maka zaɓin saƙon tes. Muddin tsohuwar hanyar tana nan a asusunka, an gudu ne ba a tsira ba. Ka riƙe wannan ƙa'ida: in shafin da ka saba shiga da yatsa ya ce yau sai da lamba, rufe shi, ka buɗe manhajar kanta ko ka rubuta adireshin da hannunka. Kuma bayan ka kafa mabuɗi a na'urori biyu, shiga saitin tsaro ka cire hanyoyin da suka fi rauni, gwargwadon yadda kamfanin ya yarda.

Saƙon neman amincewa, mai "e" da "a'a", nasa raunin gajiyarwa ne. A Satumbar 2022 an yi ta turo wa wani mai yi wa Uber aiki irin waɗannan saƙonni har ya amince da ɗaya. Shi ya sa daga Mayun 2023 Microsoft Authenticator ya wajabta rubuta lamba biyu da ke kan allon shiga. In saƙon amincewa ya zo ba kai ka nema ba, ƙi shi, kuma ka ɗauka wani yana da wani ɓangare na bayananka.

Lambar QR ma ƙofa ce. WhatsApp yana barin a haɗa na'urori har huɗu da asusu ɗaya ta hanyar haska lambar QR da waya, kuma wanda ya karɓi wayarka a buɗe don ya yi ɗan kira zai iya ƙoƙarin haɗa tasa. Duba jerin na'urorin da aka haɗa duk mako, ka fitar da wadda ba ka gane ba. Akwai kuma mai turo maka gajeriyar lamba ya ce ka shigar a shafin Microsoft ko Google na gaske. Shafin na gaske ne, amma na'urarsa kake ba izini. Kada ka shigar da lambar da ba allon da ke gabanka ne ya nuna ta ba.

Bayan an shiga

Tikitin zaman nan ana satarsa ko ba shafin bogi. Manhajojin sata irin su RedLine da Lumma suna ɓoyewa a cikin manhajar kwamfuta ta sata, ko takardar bogi mai kama da rasit, su kwashe tikitocin burauza su aika. Mai tikitin ba a tambayarsa yatsa ko lamba, don a ganin shafin an riga an tantance shi. A Android kuma fayil ɗin APK, wato na girka manhaja, da aka turo ta WhatsApp, da sunan tallafi ko rance, yakan nemi izinin karanta saƙonni da izinin taimakon masu buƙata ta musamman, wanda ke ba shi damar ganin allo da dannawa a madadinka. Kada ka girka manhaja daga wajen Play Store, ka kuma duba waɗanne manhajoji ne ke da waɗannan izini biyu. In ka shiga imel a kwamfutar shagon buga takardu, rufe burauza bai wadatar ba. Fita daga asusun, in ka koma gida ka shiga myaccount.google.com ka cire kwamfutar daga jerin na'urorinka.

Hanyar dawowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar mafi yawan asusu kuwa ita ce "na rasa wayata". Duk ƙarfin mabuɗinka, in ana iya dawo da asusun da saƙon tes, ƙarfinsa ya koma na layin. Mabuɗan shiga na Android suna ajiye ne a asusun Google, na iPhone a iCloud, don haka waɗannan asusu biyu su ne rumbun. Su za ka fi tsarewa. Google yana ba da lambobin ajiya guda goma, kowace mai lamba takwas, ana amfani da kowace sau ɗaya. Rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili, kada ka ɗauke su hoto a wayar. Duba imel da lambar dawowa da ke kan asusun. Sau da yawa na wanda ya buɗe maka asusun ne a shagon waya shekarun baya.

Mai juya kuɗi masu nauyi ya sayi mabuɗin ƙarfe irin YubiKey guda biyu, ya yi musu rajista rana ɗaya, ɗaya a jikinsa ɗaya a gida. Guda ɗaya haɗari ne, don in ya ɓata ka kulle kanka a waje. Sa masa lambar sirri, ka kuma sani kuskure takwas yana toshe shi, sai an goge mabuɗan da ke ciki. Saya daga dillalin da aka amince da shi, a cikin kwalinsa da ba a buɗe ba.

Kamfanoni su lura da teburin taimako. A Satumbar 2023 an shiga tsarin kamfanin otal-otal na MGM Resorts a Amurka, kuma rahotanni sun nuna da kiran waya aka fara, wani ya yi shigar ma'aikaci ya nemi a sake masa shaidar shiga. Kada a sake wa kowa shaida saboda murya kawai. A kira shi ta lambar da ke rajista, ko ya zo da kansa.

Ga masu gina tsarin

In kai ne ke haɗa manhaja a Yaba ko Ikeja, kurakuran da suka fi maimaituwa sanannu ne. A WebAuthn, tsarin da mabuɗin shiga ke aiki a kansa, wanda ya zama ƙa'idar W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, a Maris 2019, neman tantance mai amfani daga ɓangaren burauza bai isa ba. Dole sabar ta duba tutar UV, alamar an tantance mai amfani, a amsar da ta dawo, in ba haka ba mabuɗin ya zama shaida ɗaya, wato mallakar na'ura kawai. Lambobin da ake turawa a sa wa hannu su zama waɗanda ba a iya hasashensu, aƙalla bayit 16, a yi amfani da su sau ɗaya, su mutu da wuri. A duba asalin shafin da rpId, wato adireshin da mabuɗin ke ɗaure da shi, a kowace amsa. Kada a dogara da ƙidayar sa-hannu wajen gano kwafi, don mabuɗan da ake daidaitawa tsakanin na'urori sukan mayar da sifiri.

Ƙara sabon mabuɗi shi ne aikin farko na wanda ya saci tikiti, don da shi zai zauna daram. A nemi sabuwar tantancewa da tsohon mabuɗi kafin a ƙara wani, a sanar da mai asusun ta duk hanyoyinsa, a kuma taƙaita fitar kuɗi na ɗan lokaci bayan sabuwar na'ura ko sauyin lamba. A OTP kuwa lissafi ne: lamba shida tana da yiwuwa miliyan ɗaya, in sabar tana karɓar lambobi uku a lokaci guda saboda bambancin agogo, kuma ba ta ƙidaya kuskure, mai gwaji 100,000 yana da damar dacewa sama da ɗaya cikin huɗu. A ƙidaya kuskure a kan asusu, ba a kan zaman burauza ba, don maharin zai buɗe sabon zama ya ci gaba. Gwaji biyar, minti biyar, sannan lambar ta mutu. Mahaɗin imel a ɗaure shi da burauzar da ta nema. Saƙon OTP kuma ya faɗi abin da ake amincewa da shi, nawa ne kuma zuwa ga wa, don mai karɓa ya gane in ba shi ya nema ba.

In wayar ta tafi

Wannan shirin tun kafin ranar ake yinsa. Rubuta a takarda lambar kiran bankinka, lambar USSD ta toshe asusu wadda ake dannawa daga kowace waya in bankinka yana da ita, lambar asusunka, da IMEI, shaidar wayar mai lamba 15, da *#06# ke nunawa. Takardar ta zauna a gida ko wurin wanda ka amince da shi.

Ranar da abin ya faru, banki ne farko, don kuɗi ne ke fita cikin mintoci. Toshe asusu da kati da USSD, a kowane bankin da layin ke kai, har da manhajojin walat. Sannan ka kira kamfanin layi a rufe sim. Daga wata wayar shiga android.com/find ko icloud.com/find ka kulle taka, in ka fid da rai ka goge ta. A nan ne lambobin ajiya na takarda za su shigar da kai. Aika wa 'yan'uwa da abokan ciniki ta bakin wani cewa duk saƙon "Yaya, ka ranta min zuwa gobe" ba daga gare ka ba ne. Kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI, ka je walkam-bak da NIN ɗinka.

Da layin ya dawo, sake rajistar WhatsApp. Shigar da lambar tes yana fitar da wanda ke ciki nan take, ko da ya sa tasa lambar matakai biyu, wadda za ta sa ka jira kwana bakwai kafin ka shiga. Daga nan ka bi asusunka ɗaya bayan ɗaya: fitar da duk na'urori, goge mabuɗan shiga na tsohuwar wayar da duk wanda ba ka san ranar da aka ƙara shi ba, duba ko an sauya imel ko lambar dawowa, duba ko an sa imel ɗinka ya riƙa tura kwafin saƙonni wani wuri, sannan ka nemi sababbin lambobin ajiya, don neman sababbi yana kashe tsofaffin. Sabon sim ɗin ba ya gadon kullen tsohon, sai ka sake sa masa lambar sirri ka adana katin PUK ɗinsa.